Garkuwa Kafin Mashi

'Yan'uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye wannan mujalla a tsakiyar littafin lissafi. Yau dai ba zancen soyayya na zo muku da shi ba, ku yi mini haƙuri, zancen naushi ne. Na san wata za ta yamutsa fuska ta ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗiya mace da dambe? To ki ɗan dakata 'yar'uwa. In dai kina da wa ko ƙane, ko kuwa wanda ke sallama a ƙofar gidanku bayan isha'i yana cikin samarin nan masu ji da ƙarfi, wallahi maganar nan taki ce.

A littattafan soyayya da finafinai naushi ba a bakin komai yake ba. Mugu ya tare yarinya a lungu, sai ga jarumi ya diro daga mota, ya kai masa guda ɗaya a muƙamuƙi, ya zube sumamme. A yayyafa masa ruwa ya yi atishawa ya miƙe, kafin a buɗe shafi na gaba har ya je ɗaurin aure ya ci shinkafa. Mai karatu sai ta ɗauka suma wani ɗan gyangyaɗi ne. Samarinmu ma haka suka ɗauka, kuma nan matsalar take.

Ni 'yar Ɗanzomo ce ta ƙasar Gumel, dangin mahaifiyata kuwa mahauta ne gaba da baya. Kowa ya san dambe wasan rundawa ne tun kaka da kakanni. Idan kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure, an kakkaɓe riɗi, an tsinke zoɓo, 'yan kuɗi sun shiga aljihu, sai ki fara jiyo kalangu da yamma. Samari su taho daga Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, wani lokaci har da na tsallaken iyaka daga Nijar. Mu mata ba ma zuwa fili, iyakarmu mu jiyo ihu ta bayan danga mu ce an kashe wani.

Kada ki firgita, a bakin 'yan dambe faɗuwa ita ce kisa. Turmi uku ake yi, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da ya tashi yana dariya. Hannun ɗan dambe biyu ne kamar na kowa, amma aikinsu daban. Wanda ya fi ƙarfi shi ake naɗe wa ƙyalle a bi shi da zare a ɗaure tamau har ya koma kamar dutse, shi ne mashi. Ɗayan kuma a buɗe yake, an miƙa shi gaba tafin yana kallon abokin karawa, shi ne garkuwa. Makaɗa duk mashi suke yi wa kirari. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar da har gobe in tsofaffi suka ji ta a rediyo sai sun gyara zama. Hannun garkuwa kuwa ba mai waiwayarsa, alhali shi ne ke mayar da mutum gida wurin uwarsa da hankalinsa.

Abin da ya sa na san wannan, autanmu ne. A kakar 2023 yana da shekara 16, yana aji biyu na babbar sakandare, wayar hannu ta shigo da dambe har cikin ɗakinsu. Tun wajen 2017 da masu Dambe Warriors suka fara zuba wasannin a YouTube abin ya zama ruwan dare. Yaro yana zaune a Ɗanzomo yana kallon gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, yana kallon na dandalin Ado Bayero a Kano, ya san 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada kamar yadda ku kuka san 'yan fim ɗin Indiya. Sai dai abin da ke yawo a waya guntu ne, daidai wurin kisan kawai ake yankowa. Ba mai nuna musu watannin da mutum ya yi yana koyon yadda zai goce.

Su biyar suka haɗa kai, kullum bayan la'asar sai su sulale wani kango a bayan gari. Kin san irin horon da suka ƙirƙiro wa kansu? Ɗaya ya tsaya ya mayar da hannuwansa baya, sauran su yi layi suna ɗirka masa naushi a ka da muƙamuƙi, wai don kan ya yi ƙwari ya saba da duka. Wanda ya ƙifta ido ko ya sunkuya, rago ne, a yi masa ihu. Ga daɓen kangon siminti.

Wata ranar Alhamis, manyan gidan duk sun tafi cin kasuwar Maigatari, sai ga Auta ya shigo dab da magariba ya zauna a tabarma shiru. Na ajiye masa tuwo bai kalla ba. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, yau wace rana ce?" Na ce Alhamis. Ba a yi minti biyar ba ya sake tambayata, na sake faɗa masa. Da ya yi ta uku sai gabana ya faɗi. Na haska shi da fitila ya kare idonsa ya ce in kashe tana soka masa kai, kafin in yi wani abu ya kama amai. Inna ta fito da gudu tana salati, da ta ji daga kango yake kuma da magariba, sai ta ce shi ke nan iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Allah ya taimake mu ɗan maƙwabtanmu da suke zuwa tare ya tsorata, ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya, ya ce an buge shi ya faɗi, ya ɗan yi shiru, da suka zuba masa ruwa ya tashi har ya ƙara karɓar guda biyu.

A daren muka samu mota zuwa asibiti a Gumel. Likitar da muka tarar ta haska ƙwayar idonsa ɗaya bayan ɗaya, ta sa ya bi yatsanta da kallo, ya matse hannuwanta, ya taka a miƙe. Ta ce a kwana a nan a sa masa ido. Alhamdu lillahi gari ya waye ba wani abin tashin hankali. Da safe ta kira ni gefe ta ce, "Ke ce yayarsa? Kin taɓa ɗauko awara a cikin robar ruwa?" Na ce sau nawa. Ta ce, "To in aka bangaje ki, robar ba ta fashe ba, me ke samun awarar?" Na ce ta bugu da jikin robar ta farfashe. Ta ce to haka ƙwaƙwalwa take a cikin ƙoƙon kai, taushi gare ta, a cikin ruwa take zaune. Idan naushi ya fizgi kai, musamman in ya juya shi gefe, sai ta girgiza ta bugu da ƙashi. Shi ya sa dukan haɓa ke kayar da ƙato, domin haɓa tana can nesa da wuya, ɗan bugu kaɗan a nan sai ya murɗa kan gaba ɗaya kamar an kama bakin buta an juya.

Wannan magana ta zauna mini. Hannu yana yin kanta in ya saba da fartanya, damtse yana cika in ya saba da ɗaukar kaya, amma ƙwaƙwalwa ba ta yin kanta. Kowane bugu ragi yake yi, ba ƙari ba. Ba kuma yau aka gano haka ba, tun 1928 wani likita a Amurka mai suna Harrison Martland ya yi rubutu a kan tsofaffin 'yan damben da ke tafiya suna tangaɗi, magana tana sarƙewa, hannu yana rawa, sai ka ce mashaya alhali ba su sha komai ba. Mu ma in za mu faɗi gaskiya akwai irinsu a garuruwanmu, sai dai mu kan ce sammu aka yi musu.

Ki dubi Muhammad Ali. A 1974 a birnin Kinshasa ya jingina da igiya ya rufe fuskarsa da hannuwa, George Foreman ya yi ta jibgarsa har ya gaji, a turmi na 8 Ali ya kwantar da shi. Duniya ta yi ta tafi. An kuma san shi da barin abokan atisayensa su yi ta dukansa wai don jiki ya saba. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da ciwon nan na karkarwar jiki. A 1996 da ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta, hannun nan da ya gagari maza yana ɓari kowa yana gani, haka ya yi ta fama har ya rasu a 2016. Likitoci sun yi saɓani a kan ko duka ne kaɗai ya jawo masa, amma ni dai ban ga uwar da za ta kalli hoton nan ta ce a je a gwada da kan ɗanta ba.

Da muka dawo gida Inna ta yanke hukunci, ta ce in ta ƙara jin kalmar dambe a bakin Auta ba ta yafe ba. Shi kuma ya shiga kumbure-kumbure, ba ya ci ba ya magana. Ana cikin haka Kawu ya zo dubiya, yayan Inna ne, ya haura sittin, ya yi dambe a zamaninsa har ya bar haƙora biyu a fili, kunnensa na hagu kuma sai an ɗaga murya. Ya saurari ƙanwarsa har ta gama, ya nisa ya ce, "Na ji ki. Amma yaron nan jininmu ne, in kin hana shi a gabanki zai yi a bayanki, kangon nan bai rushe ba. Ki ba ni shi." Inna ta ce, "Haba Yaya, kai da ka san abin da ya yi maka?" Ya ce, "Don na sani ɗin ne na ce ki ba ni." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta tashi ta shige ɗaki. A gidanmu wannan shi ne amincewar dole.

Abu na farko da Kawu ya yi shi ne bai yi komai ba. Likita ta riga ta ce ba gudu ba ƙwallo ba kallon waya mai yawa sai ciwon kan ya tafi gaba ɗaya, domin ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba in ta sake buguwa, ko da bugun bai kai na farko ba, tana iya kumbura farat ɗaya, kuma yara da matasa abin ya fi kamawa. A damben zamani ma na 'yan koyo, dokarsu ce wanda aka kayar da dukan kai ba zai sake shiga fage ko atisayen duka ba sai ya yi aƙalla kwana 30. Kawu ya ce shi bai san talatin ba, arba'in zai yi cur kamar mai jego. Muka yi ta tsokanarsa muna cewa saura kunun kanwa.

Ranar da ya yi arba'in na bi shi gidan Kawu da littafina da biro, na zauna a bakin zaure, don a lokacin ina rubuta wani labari da jaruminsa ɗan dambe ne. Kawu ya kalle ni ya ce, "'Yar nan, in naushi kika zo rubutawa ki koma gida, ba yanzu ba." Gaskiya ya faɗa. Ya sa yara suka share tsakar gida tas, aka kwashe duwatsu, aka kawar da turmi da taɓarya, sai rairayin nan namu mai laushi, don ya ce sau da yawa ba naushin ne ke illata mutum ba, ƙeyar da ta bugu da ƙasa mai tauri ce. Sannan ya zana da'ira da ƙafarsa. Sati guda cur ba abin da Auta ya koya sai tafiya. Kawu ya ɗaga dama ya nufo shi a hankali, shi kuma ya zaga ta ɓangaren garkuwar Kawu, nesa da mashi. In ya ja da baya a miƙe sai Kawu ya daka masa tsawa, "Ina za ka? Baya bango ne! Mai bin ka ya fi mai ja da baya sauri." In Kawu ya sauya ya zama bahago, zagayen ma ya sauya. Auta ya dawo gida yana ƙunƙuni wai rawa ake koya masa.

Sati na biyu aka koma kan ido. Ɗabi'ar ɗan'adam ce in abu ya nufo fuskarsa ya runtse ido ya kawar da kai, Allah ne ya halicce mu haka. Amma naushin da ba ka gani ba shi ke kayar da kai, domin wuya bai shirya ba. Yaran kango sun so su kashe wannan tsoro da duka. Kawu kuwa da hularsa ya kashe shi. Ya cire ta ya riƙa kaɗa masa ita a fuska, yau a hankali, gobe da ɗan sauri, har ya zamana hula tana shafar hancinsa idonsa a buɗe. Ya ce masa, "Kada ka kalli dunƙulen hannu, zai ruɗe ka. Kalli ƙirji da kafaɗa. Mashi ba ya tashi sai kafaɗa ta motsa."

Sai a sati na uku aka fara kai hannu, shi ma ba da zare ba. Wani tsohon zanin Inna aka naɗe wa ɗan Kawu a hannu kamar gammo, sa'an Auta ne, kusan nauyinsu ɗaya, don Kawu ya ce ba a haɗa ɗan maraƙi da bijimi a ce koyo ake. Kafin a kai, sai an faɗa: ga shi nan ta dama, a kunne. A kawo shi a hankali kamar tafiyar hawainiya, Auta ya tare da garkuwa ko ya duƙa ya wuce ta kansa. Guda ɗaya tak, a maimaita shi sau ashirin, sau talatin, sannan a sauya wani.

A nan ne na ga abin da ban zata ba. Ɗan Kawu yana tausayin ɗan'uwansa, sai ya riƙa kai hannun can gefe inda ko Auta bai motsa ba ba zai same shi ba. Ina zaton za a yaba masa, sai na ga Kawu ya fusata. Ya ce, "Kai, wannan ba tausayi ba ne, ha'inci ne! Kana koya masa ƙarya, yana ganin ya iya alhali kai ne ka bauɗe. Ran da ya gamu da wanda ba ya bauɗewa fa? Ka nufi inda ya kamata, in bai kare ba ka taɓa shi, amma taɓawa, ba duka ba." Na rubuta wannan har na ja masa layi biyu. Ashe abokin koyo nagari shi ne mai saiti na gaskiya da hannu mai sauƙi, kuma riƙe ƙarfi ya fi sakinsa wuya.

Daga nan aka riƙa ƙara sauri, amma ba a ƙara nauyi ba. Ni da na ɗauka abu ɗaya ne, ashe daban suke. Mutum yana iya kawo hannu da saurin walƙiya amma a sake, bai dunƙule ba, bai sa nauyin jikinsa a kai ba. Bayan haka aka daina faɗin ta inda zai zo, ya zama ko dama ko hagu, sai Auta ya karanta da kansa. In ya fara shan taɓawa da yawa a jere, Kawu ba ya cewa ya daure, sai ya ce a koma a hankali.

Za ki ce to yaushe zai san nauyin naushin gaske? Ai Auta ma ya tambaya, ya ce, "Kawu, a fili fa ba zani za a naɗo mini ba." Kawu ya sa aka cika wani ƙaramin buhu da dusa, Auta ya rungume shi a ƙirji, ya ce wa ɗansa ya saki hannu iya ƙarfinsa. Dukan farko sai da Auta ya yi taga-taga ya zauna. Daga nan ya koyi kafa ƙafa, da fitar da numfashi daidai lokacin da dukan ya sauka, da bin dukan a ɗan juya maimakon a tsaya masa ƙiƙam. Daga baya aka riƙa sauke masa mai ɗan nauyi a damtse da kafaɗa, yana rufe da garkuwa, haɓa a manne da ƙirji, baki a rufe. Ƙarfi duk ya tafi buhu da damtse. Kai kuwa, tun ranar da aka fara har yau, ba a taɓa sauke masa cikakken naushi a kai ba.

Sauran dokokin Kawu ba su da yawa. Ba a wasa sai da babba a tsaye. Ba a daɗewa, don in hannu ya gaji garkuwa ce ke fara sauka. Duk wanda ya ce a tsaya an tsaya, kuma wanda ya yi masa dariya ya bar gidan ranar. In ya ga idon ɗaya ya kaɗa ya yi ja don an taɓa shi, wasa ya tashi, su ɗauki jarka su tafi ɗibar ruwa tare. Wanda kuma ya ji ƙamshin ya sha wata ƙwaya don kada ya ji zafi, ko ƙofar zaurensa kada ya sake takawa, domin zafin shi ne ɗan aiken da ke gaya maka ka tsaya. Ni kuma da na shiga Kano na sayo wa Auta robar haƙori a shagon kayan wasanni, irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta ɗauki siffar baki. Kawu ya jujjuya ta yana dariya, can ya kai harshe gurbin haƙoransa ya yi shiru, ya ce in na koma in sayo wa ɗansa.

Na taɓa yi masa tambayar da ke cin raina, na ce, "Kawu, layun nan da gurayen da kuke ɗaurawa fa?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yar nan, na ɗaura su har sun yi mini nauyi. Ran da na rasa haƙoran nan duk suna jikina. Hannuna ne ya sauka."

Abin mamaki, masu damben zamani da kuɗinsu da likitocinsu kusan nan suka tsaya. Safar da suke atisaye da ita ta fi ta gasa girma da laushi, ta kan kai oza 16, kusan rabin kilo, alhali ta gasar ƙwararru 8 ce ko 10. Hular soson nan kuwa da suke sawa, kada ta ruɗe ki. Tana hana tsagewar gira da kumburin kunne, amma ba ta hana awara motsi a cikin roba. Har ma a 2013 hukumar damben 'yan koyo ta duniya ta cire wa manyan maza ita, a wasannin Olamfik na Rio a 2016 ba hula suka yi. Dokokinsu da yawa sai da aka yi rashi aka kafa su. A 1982 a Las Vegas wani ɗan Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya faɗi a turmi na 14 a karawarsa da Ray Mancini, ya lallaɓa ya miƙe da ƙafarsa, jim kaɗan ya sake zubewa, bayan 'yan kwanaki ya cika saboda jini ya taru a kansa. Ya bar wadda zai aura, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Bayan wannan ne aka rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Kada kuma ku ce abin na maza ne kawai. Tun 2012 mata ke dambe a Olamfik, a shekarar Edith Ogoke ta wakilci Nijeriya a Landan, Elizabeth Anyanacho kuma ta je Tokyo da Paris a wasan takwando. Lokacin da nake makarantar kwana an taɓa turo mana wata 'yar bautar ƙasa da ta iya takwando, ta riƙa tara mu ranar Asabar a bayan ɗakin kwana inda ba namiji. Da na zauna a zauren Kawu sai na riƙa tuno ta, don maganarsu ɗaya duk da ba su taɓa haɗuwa ba. Da filo muke yi, a hankali, biyu-biyu, sa'a da sa'a. Ta hana mu wasan nan na bari in gwada miki a ɗaki. Ta ce mu riƙa cusa bakin hijabi kada ya zama igiyar da za a ja mu da ita. Kullum kuma sai ta maimaita cewa ita ba faɗa take koya mana ba: ki kare kanki, ki ƙwala ihu, ki samu hanya ki gudu. A nan zan ɗan saki layi in ce, duk wannan na mugun da ya tare ki a hanya ne. Wadda ake duka a cikin gida ba koyon tarewa take bukata ba, ta sanar da iyayenta da manya tun wuri, domin kan mace ma awarar ce a ciki, mari mai ƙarfi yana fasa dodon kunne.

Yanzu ga inda aikin ya dawo kanmu. Samarin nan in an buge su a fili ko a ƙwallo ko sun faɗo daga babur, abokai kan raka su ƙofar gida su gudu, mu ne ke miƙa musu tuwo, mu ne farkon gani. Ba sai mutum ya suma ba ƙwaƙwalwarsa ke buguwa. In kin ga yana maimaita tambaya, ya manta abin da ya faru, yana jin jiri, haske yana damunsa, to ranar wasa ya ƙare, a kai shi a duba shi, kada kuma a bar shi shi kaɗai a daren. In kuwa ciwon kan ƙaruwa yake yi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko ɓari guda ya saki, ko ya yi farfaɗiya, ko jini ko wani ruwa yana fita ta kunne ko hanci, 'yar'uwa kada ki jira gari ya waye, kada ki jira Baba ya dawo daga kasuwa. Wani ya kan tashi garau ya yi hira ya ci abinci, alhali jini yana tsiyaya a cikin kansa, bayan 'yan sa'o'i ya kwanta bai tashi ba. Daga wajenmu zuwa asibitin Malam Aminu Kano inda ake aikin kai tafiyar sama da kilomita ɗari ce, kowane minti yana da daraja. Kada a ba shi asfirin ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen kafin likita ya gani, suna iya ƙara zubar jinin. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota.

Cikin yaran kangon nan biyar, uku yanzu suna gidan Kawu, iyayensu da kansu suka kawo su. Ɗaya ya bar abin ya koma ɗinki. Na biyar ɗin ya ce wasan tsofaffi ne, ya tafi Kano, mun ji yana sa zare a can. Auta kuwa kaka biyu ke nan bai taka fili ba, duk lokacin da ya tambaya Kawu sai ya ce saura, wai sai ya cika 18 kuma sai ya yi turmi uku da shi tsohon bai taɓa masa kunne ba. Ya zuwa yanzu sau ɗaya ya kai turmi na biyu. Inna har yau ba ta sauko ba. Ba ta taɓa tambayar yadda ake ciki ba, in Auta ya dawo sai dai ta kama haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu a gaban fitila, ta tambaye shi yau wace rana ce, in ya faɗa daidai ta sake shi ta ce ya je ya yi alwala.